Abin da Ke Ɗiga a Ƙafar Bayan Moto

Mu biyar ne a tsakar gida ranar. Da ni. Da ɗana na fari, wanda ban taɓa kiran sunansa ba, ba kuma yau zan fara ba. Da matarsa, da tsohon ciki, a zaune bakin ƙofar ɗaki. Da mai gyaran moto, wani Bazabarme daga unguwar Yantala. Sai maƙwabcinmu da ke haya a ɗakin kusa da zaure, wanda kowa ke ce wa Mushe, wato Malam a bakin 'yan boko, yana kan kujerarsa ta ƙarfe da radiyo a cinya. Moton kuwa, babur ɗin da aka ba ɗana a wurin aiki, yana tsakiyarmu a kafe, ƙafarsa ta baya a sama, kamar majinyacin da aka zo dubawa.

Fari na biyu ke nan da na gani a Yamai, soja na mulki. Gero ya zama abin da ake aunawa a ɗaki, ƙofa a rufe. Gyaɗa ta ɓace daga kasuwa, ni kuwa da ita na ci na sha tun da muka baro Arewa, ƙasarmu ta Arawa, ƙuli-ƙuli da mai nake kaiwa kasuwar Wadata. Turmina ya yi shiru. Gidan duka ya koma kan wuyan yaron nan, da ke aikin aike a wata mangaza inda ake ajiye abincin taimako. Kowa ya san abin da ke samun wanda aka kama da kayan taimako a hannu. A aske masa kai, a jefa shi bayan mota, danginsa su yi ta tambaya. Ba a auna abin da ka ɗauka, ko buhu ne ko tafin hannu.

Mushe kuwa, ba wanda ya san a wane biro, wato ofis, yake aiki. Ban ce shi ne mai kai rahoto ba, ban taɓa kama shi ba. Na dai lura maganar da aka yi a tsakar gidanmu takan riga mu fita waje.

Ni ke share gidan kowace asuba, ban bar wa suruka ba. Mai shara yana ganin abin da ƙasa ta kwana da shi. Kwanaki ina ganin ɗigon mai a inda moton ke kwana, daidai ƙafar baya. Ban damu ba da farko, ƙarfe ne, yana da nasa gumin. Sai wata safiya na ga kiyashi sun yi layi tun daga gindin katanga har zuwa wurin, sun baƙanta shi. Na tsuguna na daɗe. Na shekara da shekaru ina wucewa ta gaban masu gyaran mota a Wadata, ƙasarsu baƙa ƙirin da mai, ban taɓa ganin kiyashi a kanta ba. Na dangwala yatsa na kai hanci. Man ci ne. Ba na gyaɗa ba, na gyaɗa ko a mafarki na san shi. Wannan mai ruwan ɗorawa ne, marar ƙamshi, irin wanda ke zuwa cikin manyan gwangwanaye masu rubutun da ban iya karantawa ba.

Na share wurin na yi shiru. Ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta zama ta tsare ɗan fari da tambaya, ko kallonsa ba ta cika yi ba. In ina da magana, matarsa nake faɗa wa, ko in faɗa wa bango yana ji. Ina ta juya yadda zan ɓullo wa abin, sai ya dawo ran nan da wando a yage, gwiwa na jini. Birkin baya ya ƙi kamawa a gangaren babbar gada, saura kaɗan ya shige ƙarƙashin wata motar itace. Matarsa ba ta shawarci kowa ba, ta aika aka kira mai gyara. Ba laifinta ba ne, tsoro ne. Amma da na ga mutumin ya shigo da buhun ƙarafunansa, na ga Mushe ya jawo kujera, sai na san asirinmu na gab da tonuwa.

"Fofo, Inna," in ji mai gyaran, da gaisuwarsu ta Zabarmawa. "Ina majinyacin?"

"Ga shi nan. Wai mai yake zubarwa."

Na ɗauki kujerata 'yar tsugune na dasa ta daidai kan layin kiyashin, na zauna, na baza zanena.

Mutumin ba ya gaggawa. Ya juya ƙafar da hannu yana saurare. Ya shafa bakin birkin, yatsansa ya fito da santsi.

"Shi ya sa," ya ce. "Mai ya shiga birki. Birkin da ya sha mai, ko ka taka da ƙafa biyu, gaisuwa kawai yake yi."

"Injin ne," in ji Mushe. "Na faɗa tun jiya. Injin ne ke jefo shi ta sarƙa."

"To bari mu tambayi sarƙa."

Ya zagaya ɗaya gefen ya ja yatsa a kan sarƙar, ya ɗaga wa Mushe. A bushe, har da tsatsa.

"Wannan ta fi ni ƙishirwa, Mushe. Kuma man inji baƙi ne. Ka ga baƙi a nan?"

"Kai dai Bazabarme, in ka kasa ka faɗa, mu nemo Bahaushe."

"Bahaushe zai sayar maka da sabuwar ƙafa, gobe ta ci gaba da zuba."

Suka yi dariya. Ɗana bai yi ba. Yana tsaye da hannu a baya, yana kallon ƙasa. Jakar tamfol ɗin da kullum ke rataye a bayan moton ba ta nan, ya shigar da ita ɗaki tun kafin mai gyara ya iso. Na ga lokacin da ya yi hakan.

Sai mutumin ya koma kan sandunan nan biyu masu murɗaɗɗen ƙarfe da ke ɗaukar nauyin mai zama, amortisar suke ce musu. Ya ce su ma akwai mai a cikinsu, in sun gaji sukan yi hawaye. Ya jiƙa tsumma da isansi, wato fetur, ya goge na gefen birkin tun daga ƙasa, ya hau moton ya yi ta dannawa da nauyinsa, ya sauko ya duba. Ko ɗigo bai fito ba.

"Inna, a taimake ni da toka."

Surukata ta kawo a murfin kwano. Ya ɗiba yana busawa a hankali a kan ƙarafunan da bai goge ba, daga ƙafar zuwa sama. Inda ke bushe, tokar ta zube. Inda ke da mai, ta manne. Muna kallo hanya ta fito fara tas, ta hau ta wuce kan amortisar ɗin, ta wuce inda aka ɗaure shi, ba ta tsaya ba sai a ƙarfen da ake ɗora kaya. Can sama, inda babu inji, babu komai, sai ƙugiyar da jaka ke rataya.

Ya sa yatsa a wurin. Ya juya wa Mushe baya kamar mai neman wani ƙarfe a buhu, ya taɓa yatsan a harshe. Sannan ya ɗago ya dube ni. Ni ma na dube shi. Ban roƙe shi ba, ban iya roƙo da ido ba. Na dai ƙi kawar da kai.

"To, likita?" in ji Mushe. "Me ka gani?"

"Amortisar ne. Ya gaji."

"Amma kamar tokar ta hau sama."

"In yana gudu iska ke watsa shi. Hanyoyin garin nan, Mushe, ko jaki aka sa wa amortisar sai ya yi kuka."

Ya share tokar da tsumma tun kafin Mushe ya taso. Ya kwance ƙafar, ya fitar da takalman birkin, ya wanke su da isansi, ya goga su a kan dutsen niƙana har suka yi kaushi, ya mayar. Ya ɗan taɓa amortisar ɗin da ƙarfe, don dai a ga ya taɓa. Aka kira la'asar, Mushe ya kashe radiyo ya tafi masallaci.

Na raka mai gyaran zaure, abin da ban saba yi wa namiji ba. Ya tsaya yana ɗaure bakin buhunsa.

"Inna, amortisar ɗinku lafiyarsa lau. Ni dai tun da nake ban ga moton da ke zubar da man miya ba. A raba shi da abin da ake rataya masa. Yau ni na gani. Gobe jandarman bakin gada ne."

Na ce Allah ya rufa masa asiri. Ya ce amin, mu duka.

Da na dawo na ce wa surukata, "Ki ce wa mijinki ya kawo jakar nan."

Ya kawo. Gindinta ya yi baƙi ya yi tauri da mai. A ciki akwai kwalbar lemo, an toshe bakinta da totuwar masara da tsumma, mai ya kai rabi. Ta nan yake tsiyaya duk lokacin da moton ya faɗa rami. Ranar na ajiye kunyar ɗan fari, na dube shi a fuska.

"Kai. Mene ne wannan?"

"Na gindin gwangwani ne, Inna. In an juye an gama, nakan kife su, abin da ya taru in tara. Wanda za a yar ne."

"Wa ya ce a yar a jakarka?"

Na ɗaga kwalbar a gabansa.

"In sun tare ka, haka za ka ce musu, na gindin gwangwani ne? Ka dubi yarinyar nan. Wa zai yanka ragon suna? Mushe ne zai yanka? A gidan nan ban ga ɗigonsa a miya ba. Ina kake kai shi?"

Ya ce, "Wurin Baffa."

Baffa shi ne Bafillatanin da marigayi mijina ya ba amanar shanunmu tun yaron nan bai yi wayo ba. Kowace kaka yakan zo da man shanu a ƙwarya, ya faɗa mini wadda ta haihu da wadda ta ƙi. Mu Arawa da Fulani abokan wasa ne, in ya shigo nakan ce ga ɓarawon shanu ya zo, shi kuma ya ce ga baiwarsa. Kaka biyu ke nan bai zo ba.

Ɗana ya ce ya gan shi a hayin kogi, cikin mutanen da suka gangaro daga daji suka kafa tsummokara a gindin itatuwa. Shanun sun ƙare, namu da nasa. Matarsa ta rasu a hanya. Jikoki ne a hannunsa, jar dawar da ake raba musu ba ta zama a cikinsu in babu ɗan maiƙo.

"Ya sa na rantse kada in faɗa miki. Ya ce ba zai iya haɗa ido da ke ba."

Shanun na riga na yi musu kuka tun daminar da ba ta zo ba, ba sai an faɗa mini ba. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne dattijon nan yana ƙetaren ruwa kaɗai, yana ɓuya saboda ni, har ɗana na sa wuyansa a igiya.

Na ce, "Daga yau ko warin gwangwanin nan kada ya biyo ka gida. Ka kai takardarsu, ka dawo hannu wofi. Baffa ba naka ba ne, nawa ne. Ni aka bar wa shi."

Ya ce to. 

Akwai kwalbar man gyaɗa guda da na ɓoye a ƙarƙashin gado tun matsata ta ƙarshe, don jegon surukata. Ban ambace ta ba, ba tawa ba ce kuma. Ina daka 'yar kuka kafin magariba sai ga yarinyar ta fito da ita, ta ajiye kusa da ƙafata.

"Inna, a raba biyu."

Na ce ta koma ta zauna, ta daina ɗaukar abu tana sunkuyawa.

Washegari da na idar da sallar asuba na cusa jakar tamfol ɗin a murhu, na ɗora ruwan kunu a kanta, ta ci da wuta har zoben ƙarfenta ya yi ja. Na goge ƙarfen kayan da toka, na zuba garwashi a ramin kiyashin, na share gidan. Na duba ƙarƙashin ƙafar baya, ƙasa a bushe. Na haɗa man kwalbar lemon da rabin na surukata a gorana na talla, na ɗora a kai da tukunya ƙarama. Tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ba a tambayarta inda ta samo mai.

Ban bi ta gada ba. Na gangara ta Gaweye, inda kogi ya janye har mutane ke takawa, na tattare zane na ƙetare, ruwa iya ƙwauri. Na yi ta tambaya daga inuwa zuwa inuwa har na same shi a gindin wata aduwa, ya rame, sandarsa a kwance a gabansa. Da ya gane ni sai ya ja rawani ya rufe fuska.

Na ce, "Ɓarawon shanu, buɗe idonka. Ina yaran?"

Kuka yake yi a ƙarƙashin rawanin. Na sauke kayana, na nemo duwatsu uku, na hura wuta.