Wadda Ta Wanke Inna

Ni ce 'yar fari a wurin Inna, shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Haka ake yi a gidanmu, uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a Tsibiri na girma. Idan Inna za ta kira ni sai ta ce "ke". Idan ba na wurin sai ta ce "waccan". Da na yi aure na tare a Sabon Gari, sai na koma "ta Sabon Gari". Ƙannena maza ne su biyu, su tana kiransu da suna, tana yi musu faɗa, tana ja musu kunne. Ban taɓa sa wannan a raina ba, sai shekarar da baƙi suka zo.

Daga ƙetaren iyaka suka fito, 'yan bindiga suka tashe su daga garuruwansu. Yawancinsu mata ne da yara da tsofaffi. Wasu an kai su ƙauyukan da hukuma ta tanada, wasu kuma suka gangaro Maraɗi suna kwana a rumfunan kasuwa. Mahaifina ya rasu ya bar wani tsohon sito na hatsi a kan hanyar Tsibiri, da fili mai katanga a bayansa. Wata safiya Inna ta kwance makullin daga bakin zanenta ta buɗe ƙofar, ba ta shawarci kowa ba. Kafin sati ya zagayo babu wurin shimfiɗa tabarma a ciki.

Babu wanda ake biya a wurin. Wani tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, ya tara samarin unguwa suka haƙa salga biyu, ta mata da ta maza. Wata ma'aikaciyar asibiti da ta ajiye aiki tana zuwa ran Talata ta duba masu ciki da masu zazzaɓi. Mai amalanke yana kawo ruwa a tano, wato durom, safe da yamma. Ƙanwar Inna, wadda muke ce wa Iya, tana aiko da zogale da tumatir daga garkarsu ta Jiratawa. Alhazan gari kuwa Inna ba ta roƙonsu. Gaisuwa take zuwa, ta zauna a zaure ta ƙi tashi har sai an ɗora buhu a mota.

Ni ma na yi nawa. Maigidana yadi yake sayarwa, sai na riƙa aika zannuwa da gidan sauro. Wata rana Inna ta aiko Iya ta gaya mini cewa farin yadi ake so, don an fara mutuwa kuma babu likkafani. Na aika bandir guda. Daga nan duk lokacin da ya kusa ƙarewa nakan aika wani, ba sai an tambaya ba. Ran Juma'a kaɗai nake zuwa da kaina. In gaida Inna, ta amsa tana kallon tukunya, in zauna kaɗan a kan kujera, in koma gida.

A cikin baƙin akwai wata mata sa'ata, doguwa, da tabon ƙuna a bayan hannu. Ana ce mata uwar biyu, ko da yake ɗa guda ta iso da shi, ɗayan a hanya ya tsaya. Mijinta ba a san inda yake ba. Ba ta kuka a gaban mutane, aiki take yi. Ita ta fara tsara yadda za a raba kunu: masu shayarwa tukuna, sai yara, sai tsofaffi, masu ƙarfi a ƙarshe. Ita ta gane cewa wasu matan ba sa fitowa karɓar tuwo don zane ɗaya gare su, in sun wanke sai su jira ya bushe. Ni da nake aika zannuwan ban san haka ba.

Wata Juma'a na shigo na ji Inna ta ɗaga murya daga madafa.

"Ɗiyata! Zo ki ga ɓarnar da kika yi."

Na tsaya cik. Har na ɗaga ƙafa zan nufe ta, sai na ga uwar biyu ta fito daga sito tana goge hannu.

"Mi na yi kuma, Inna?"

"Wannan gishirin, na sati ne kika juye a miyar yini guda? Ko mahaifinki ke da Bilma?"

"To ai ke ce harshenki ya tsufa. Jiya kin ce babu, yau kin ce ya yi yawa. Gobe sai ki tsaya a kaina ki ƙirga ƙwayoyin."

Inna ta kai mata duka da muciya, ta goce, suka yi ta dariya su biyu. Ban taɓa ganin dasashin Inna ba sai ranar. Da ta hango ni sai ta gyara kallabi ta ce, "Ke, kin iso? Ya mutanen gidan?" Na ce lafiya lau. Aka kawo mini kujerata.

Daga ranar na fara lura da abubuwan da ba su kamata in lura da su ba. Makullin sito ya bar bakin zanen Inna ya koma na uwar biyu. Na sayo wa Inna maganin shafawa mai tsada a farmasi saboda gwiwoyinta, na zo na tarar da shi a kan taga ko buɗewa ba a yi ba, ita kuma ta miƙe ƙafafu a cinyar uwar biyu ana murza mata da man kaɗanya. Ni ban taɓa taɓa ƙafar Inna ba. Da zan kai hannu, na san za ta janye.

Idan mace ta rasu a wurin, su biyu ke shiga ɗakin da ke gefen sito su rufe ƙofa. Inna ta daɗe tana wankan gawa a unguwa, ita ta koya wa uwar biyu. Su yanka farin yadina, su ɗinka, su wanke, su fito da hannuwa suna ƙamshin kafur. Sau ɗaya na tarar da su sun fito. Inna tana gyara mata mayafi a kafaɗa, tana faɗa mata wata magana ƙasa-ƙasa. Na juya na yi kamar ina duba tanon ruwa.

Na yi abin da har yanzu nake jin nauyinsa. Na sami ɗaya daga ƙannena na ce masa bai dace baƙuwa ta riƙe makullin dukiyar mutane ba, wa ya san asalinta. Ya kai maganar ga Inna. Inna ba ta ce mini komai ba. Iya ce ta zo har gida ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ce, "Yayata ta ce in gaya wa ta Sabon Gari, in tana son makullin ta zo ta kwana a sito ta tashi da asuba ta hura wuta." Ban je ba. Ina da miji da 'ya'ya, na gaya wa kaina haka, kuma gaskiya ne.

Ciwon Inna bai daɗe ba. Ta ƙi a kai ta gidan kowa a cikinmu, ta ce daga ɗakin da take kwana a filin sito tana jin idan an yi rigima a layin kunu. Na riƙa zuwa kullum. In na shiga sai ta ja zane ta rufe ƙafafunta, ta ce ta ji sauƙi. In uwar biyu ta shiga sai ta yi nishi ta ce a juya ta.

Da hantsi aka kira ni a waya. Ban jira direba ba, babur ɗin kabu-kabu na hau, abin da na yi shekaru ban yi ba. Na tarar da tsakar gidan cike da mata suna salati, ga tukunyar kunu a kan wuta ana ci gaba da rabo, don yara ba su karya ba. A cinyar uwar biyu Inna ta cika. Ita ta rufe mata ido, ita ta ɗaure mata haɓa.

Na cire mayafina na naɗe hannun riga. Na ce wa Iya a kawo ruwa da ganyen magarya, ni zan wanke uwata.

Iya ta kama hannuna ta ja ni bayan ƙofa.

"Ta bar wasiyya. A gabana ta faɗa, da malamin lakwal. Ta ce uwar biyu za ta wanke ta."

"Ina raye?"

"Kina raye."

"Iya, ni ta haifa ko ita?"

"Don ke ta haifa ne. Kunyarki take ji, 'yar nan. Wadda ba ta iya faɗin sunanki ba, ita za ta yarda ki ga jikinta?"

Na ce kunya ta masu rai ce. Na ce filin nan na ubana ne, yadin da za a naɗe ta da shi nawa ne. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba, kuma ƙofar ba ta da kauri. Iya ta bar ni har na gama, sannan ta tambaye ni a hankali ko na san ta inda ake farawa. Ban sani ba. Shekara arba'in da wani abu, ban taɓa shiga ɗakin wankan gawa ba.

Uwar biyu ce ta leƙo. Idanunta sun kumbura. Ba ta kalle ni ba, Iya ta yi wa magana.

"Iya, ina bukatar mai zuba mini ruwa. Inna ba ta ce wa zai zuba ba."

Haka na shiga, da buta a hannu. An rufe Inna da zane daga ƙirji zuwa gwiwa. Ta ƙanƙance ƙwarai. Uwar biyu ta naɗe hannunta da ƙyalle, ta yi bisimilla, ta yi mata alwala, ta fara ta dama. "Zuba," ta ce, na zuba. "Tsaya," na tsaya. Tana juya ta a hankali, kuma na ga ta san inda ke yi wa Inna ciwo, don ko a lokacin tana tallabe gwiwar hagu kafin ta motsa ta. Akwai wani tsohon tabo a kafaɗar Inna da ban san da shi ba. Ita ta bi gefensa da yatsa kamar abin da ta saba gani. Ina zuba ruwa ina kallon hannuwanta, kuma ko a wannan ɗakin, gaban gawar uwata, abin da ke cikin ƙirjina bai kwanta ba.

Da aka yi na ƙarshe da kafur, Iya ta buɗe akwatin Inna ta fito da likkafani a ɗinke, a ninke. Na gane yadin. Na bandir ɗin farko ne, don shi kaɗai ke da wani siririn zare shuɗi a baki. Iya ta ce tun ranar da ya iso Inna ta yanki nata ta ajiye. Na riƙe wannan maganar sosai, har yau ina riƙe da ita.

Saura gashi. Ana tsefe na mace a raba shi uku a kitse. Uwar biyu ta tsefe, ta raba, ta kama kashi na farko, sai ta saki. Ta yarfe hannu.

"Yatsuna sun riƙe, Hajiya. Ruwan ya yi mini sanyi. Taimaka ki kitse."

Watan zafi ne, ruwan kuma da ɗumi, ni na zuba shi. Na ajiye butar na durƙusa a wajen kan Inna. Gashin fari ne tas, laushi gare shi kamar auduga, ya fi yadda nake zato tsawo. Ban yi sauri ba. Babu wanda ya ce in yi sauri, ko da yake maza na jira a waje da makara. Na kitsa uku, na kwantar da su a bayanta. Wannan ne karo na farko da na taɓa kan uwata tun ina goye.

Ban gode wa uwar biyu ba a ranar. Abin da na ji shi ne baƙuwa ce ta ɗebo mini kaɗan daga uwata ta ba ni, kamar yadda take ɗebo wa mutane kunu, kuma sai da ta yi ƙarya don kada in ji nauyin karɓa.

Bayan sadakar arba'in na same ta a madafa tana tankaɗe. Na zauna a kan turmi, ba a kujerata ba. Na yi mata tambayar da ta daɗe tana cina.

"Ta taɓa faɗin sunana a gabanki?"

Ta daina tankaɗen. Na ga tana auna ko ta sake yi mini irin ta ranar wanka.

"A'a, Hajiya. Ko sau guda. Ta Sabon Gari take cewa. Ran Juma'a tun da safe sai ta ce a goge kujerar nan, a sa ta inda rana ba ta kai."

Na ce to. Ta ci gaba da aikinta.

Ƙannena sun tambaye ni abin da za a yi da filin, na ce a bar shi yadda yake. Makullin yana bakin zanen uwar biyu har yanzu. Ina zuwa ran Juma'a da ran Talata, kuma sau biyu ke nan na shiga ɗakin da ke gefen sito na zuba mata ruwa. Wani lokaci tana cikin rabo sai ta ce, "Inna ta ce kada a cika ludayi ga na farko a rage wa na ƙarshe," ko "Inna ba ta son a bar wuta tana ci babu tukunya." Tana da irin waɗannan da yawa, kullum da sabuwa. Nakan saurara, in kai su gida in maimaita, ina jin haushin cewa a bakinta nake samun su.