Furar da Ban Miƙa Ba

Ranar da abokina ya kira ni daga Faransa ya ce zai shiga gasar da ake yin iyo, a hau keke, sannan a zuba da gudu, duk a yini ɗaya, sai da na tambaye shi wa zai biyo shi da sanda. Ya ce ba kowa. Na ce to, Allah ya ba ka lafiya.

Tare muka taso a Damagaram. Muna ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, ya zame cikin tafkin bayan unguwarmu da damina, ni na cafko wuyan rigarsa na jawo shi waje. Tun daga ranar ko rijiya ba ya leƙawa. Ya tafi karatu, ya samu aiki a Paris, ya yi aure, sai da ya haura talatin sannan ya shiga koyon iyo. Shekara biyu ya yi yana shirin wannan gasa. A waya ya ce mini, "Kai ka ga shigata ruwa ta farko. Ina so ka ga wannan ma." Me zan ce? Na tafi neman biza.

Da na je yi wa mahaifiyarsa sallama, ta ɗauko busasshiyar fura a ƙulle ta sa mini a hannu. Ta ce, "Ɗana, in ya gaji ka dama masa. Da ita na yaye shi." Na ce in Allah ya yarda, Inna.

A Saint-Denis, gefen Paris, na sauka gidansu, bayan kwana biyu muka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon, ni da shi da matarsa. Ita a can aka haife ta, Hausarta rabi da rabi ce da Faransanci, amma ta yi mini bayani dalla-dalla. Ba a ba ɗan gasa komai daga waje, ko kurɓin ruwa. Abin da zai ci ko ya sha, a teburin masu gasar zai ɗauka. In alƙali ya ga ya karɓi wani abu a hannun ɗan kallo, an fitar da shi ke nan. Na ce to, to, na ji. A zuciyata kuwa na ce wace irin ƙasa ce wannan da ba mutum ruwa ya zama laifi? Na yi kunnen uwar shegu.

Da safiyar ranar na dama furar da kindirmonsu na kanti, na ɗura a butali, wato kwalba, na naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma yadda muke yi a gida don ya yi sanyi.

Tafkin da za a yi iyon yana bayan gari. Da suka faɗa ruwa, kawuna duk iri ɗaya, ban san wanne ne nasa ba, sai na yi wa kowa addu'a. Da na hango shi ya fito yana tangaɗi, wallahi kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba. Ya hau keke ya ɓace. Na yi azahar a gindin wata itaciya, na zauna ina ta sake jiƙa tsummana.

Gudun zagaye ake yi, mutum ya wuce ta gabanka ya sake dawowa. Akwai kuma lokacin da ake rufe hanya, wanda bai iso ba ya yi aikin banza. Bayan la'asar matarsa ta tafi jira a inda ake ƙarewa, ta bar ni kusa da wani teburin ruwa. Sai ga shi ya ɓullo a zagayen ƙarshe. Kai! Ba gudu yake ba, jan ƙafa yake, leɓɓansa sun yi fari fat, idanunsa sun faɗa. Ya ɗauki kofi a teburin ya kurɓa, ya furzar. Cikinsa ya ƙi kayansu.

Ban yi shawara da kowa ba. Na zare tsumman, na cire murfi, na ɗaga hannu zan tura masa butalin ta saman igiyar da ta raba mu da su.

Sai na ji an damƙe mini tsintsiyar hannu. Wata tsohuwa ce cikin masu raba ruwa, ƴar ficiciya, sanye da riga ruwan ɗorawa, amma riƙonta kamar na maƙeri. Ta ce, "Non, monsieur," wato a'a, malam.

Raina ya ɓaci. Na ce mata da Faransanci, "Madam, ɗan'uwana ne, uwarsa ce ta aiko!" Ba ta sake ni ba. Da haɓa ta nuna mini wani mutum a kan keke, ƴan taku kaɗan bayan abokina, idonsa a kanmu. Alƙali ne. Ta ce, "In kana son sa, rufe wannan. Ai kana da baki, ƙarfafa shi da baki."

Yo baki kuma ai nan aka zo gidana. Na buɗe murya da Hausa a tsakiyar Turawa: "Kai ɗan Damagaram! Tafkin bayan gida bai ci ka ba, kwalta ce za ta ci ka? Ɗaga ƙafa, ragon banza! Me zan je in ce wa Inna?" Tsohuwar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta kama ihu tare da ni, hannuna har yanzu a nata. Abokina ya waigo, ya kalli butalin, ya kalle ni, ya yi wani abu mai kama da dariya. Ya fara sassarfa. Sai da ya yi nisa ta sake ni, ta koma cika kofunanta.

Ya iso kafin a rufe, da ƙyar da jiɓin goshi. Na same shi zube a kan ciyawa, matarsa tana yi masa fifita da kwali. Na miƙa masa furar. Ta ɗumama, ta yi tsami, amma ya kafa kai sai da ya ga ƙarshenta.

Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Tun daga nesa na gane tsumman nan. Na san daga Inna take."

Na ce, "Ai ka san dokar, da ba ka karɓa ba."

Ya girgiza kai. "Na ga alƙalin sarai. Amma hannunka ne, da furar uwata a ciki. Wallahi da ka miƙo, da na karɓa."

Shekara biyu na wahalarsa, saura ƙiris in zubar da su da hannun da na taɓa fitar da shi daga ruwa.

Na tashi na koma wajen teburin da sauri don in yi wa tsohuwar godiya. Na tarar an naɗe shi, an kwashe kofuna, masu riga ruwan ɗorawa duk sun watse. Ban tambayi sunanta ba. Har yau in na zo yi wa masu alheri addu'a, sai dai in ce: da tsohuwar nan ta Lyon da ta riƙe mini hannu.