Huda Uku a Jar Fata

Jiya a kasuwa warin bagaruwa ya buge ni, sai na tuna Baba. Majemi ne a Tandabawi, unguwar 'yan ƙasarmu a ƙasa mai tsarki, kuma duk jar fatar akuyar da ya jeme sai ya yi mata huda uku da basilla a gefe. Yakan ce, "Fatar nan ta ciyar da sarakunanmu, ta ratsa Sahara, har ta kwaɗaita wa Nasara ƙasarmu. Amma ba wanda ya san majemi."

Bayan yaƙin Turawa na raka shi kantin wani attajiri, muka tarar yana rantse wa alhazai cewa jar fatar da yake sayarwa daga Maroko take. Baba ya nuna hudar, ya ce, "Ya Hajj, aikina ne."

Attajirin ya ce baƙin Takruni, kamar yadda suke kiran mutanenmu a can, bai isa ba, ya hankaɗa shi waje har rawaninsa ya faɗi. Baba ya kaɗe, ya ce ya yafe.

Ni ban yafe ba. Allah Ya jiƙan Baba. Wancan kuwa, Allah Ya tsayar da shi ranar hisabi da fatar a hannu, hudar nan uku su ba da shaida.