Jan Fenti a Ƙafar Gadar Mavuza

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Mavuza ya san halinsa. Da rani ya kama sai ƙarfinsa ya ƙare, teku kuma ta yi ta turo yashi har ta toshe masa baki ruf. Daga nan ba shiga ba fita. Ruwan da ke gangarowa daga tudu sai ya taru a bayan yashin, ya kwanta, ya yi ta kumbura a hankali yana cin gonakin gefe. Kakanninmu in abin ya ishe su, fartanya suke ɗauka su je su fasa yashin, kogi ya samu hanya. Amma wannan a da ke nan, kafin a gina gari a sama, a soma sako mana ruwan masai da aka tace rabi da rabi.

A nan aka haifi Zibuyile Cele, a gidan da ke kan tudu saitin gada. Ubanta ya rasu tana ƙarama, uwarta MaShozi ta riƙe ta ita da ƙaninta Bhekani da gonar gwaza ƙwaya ɗaya a fadamar kogi. Gwazan nan kuwa ba irin na kowa ba ne. Irin mahaifiyar MaShozi ne, a cikin daro MaShozi ta zo da shi ranar da aka kawo ta gidan miji, kuma tun daga ranar ba ta taɓa bari ya yanke ba. Ta dafa, ta kai bakin titi, direbobi su tsaya su saya. Da shi aka yi wa yara takalmin makaranta, da shi aka kai Zibuyile jami'a a Durban, don yarinyar kanta na ja a lissafi tun tana 'yar firamare.

A shekararta ta ƙarshe aka ce kowa ya zaɓi kogi ya yi aiki a kai. Ita kuwa wane kogi ta sani in ba nasu ba? Ta dawo hutu da na'urar awo mai ƙafa uku da wata doguwar sanda mai lambobi, ta ce tana son wanda zai riƙe mata sandar. Bhekani ya ce shi ba bawan kowa ba ne. MaShozi ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci, ta karɓi sanda ta shige gaba. Duk wanda suka gamu da shi sai ta tsayar da shi.

"'Yata ce ke auna kogi. Gaba ɗayansa, har teku."

Suka bi fadama lungu-lungu har suka zo gonar gwaza. MaShozi ta tsaya a tsakiyar gonarta ta kafa sanda, ta ƙame.

"Mama, kin karkace! Miƙe ta sosai."

"Ni na karkace ko idonki? Duba da kyau dai, kada a ce gonata ba ta shiga littafin Turawa ba."

Gonar ta shiga kuwa. Ai da ta sani.

Abin da Zibuyile ta yi da awon nan shi ne ta yanka kogin gida-gida a cikin kwamfuta, kamar ramukan dara. Kowane gida ta koya masa lissafin kansa: ruwan da ya shigo, wanda ya fita, gishirin da ke ciki, ƙazantar da aka sako daga gari, da iskar da kifi ke shaƙa. In ta ce wa kwamfutar an yi ruwan sama kaza, ko an fasa yashi ran kaza, sai ta nuna mata abin da zai biyo baya. Amsar da ta fito ba ta da daɗi. In aka fasa yashin tun ruwa bai taru sosai ba, zai fita ne ba ƙarfi, ba zai kwashe dagwalon da ke kwance a ƙasa ba, teku kuma ta sake toshe bakin nan da nan, a bar mutane da ruwa kaɗan mai ƙazanta da yawa. In kuwa aka bari ya cika ya tumbatsa, to ranar da ya ɓalle zai wanke kogin tas. Malamanta suka yaba, aka ba ta shaida, aka jefa aikin a kabad.

Sai da aka yi shekarar kifi aka tuna da Zibuyile. A shekarar manoma suka matsa wa kansila, ya turo katafila ta fasa yashin da wuri. Ruwa ya ɗan tsiyaye, bakin ya koma ya rufe kafin a je ko'ina. Kogi ya yi kore, kifaye suka taso ciki sama, wari ya hana mutane cin abinci a tsakar gida. Yaran da suka yi wanka a ciki aka jera su a asibiti, gudawa da amai, biyu daga cikinsu ba su dawo gida ba. Cocin su MaShozi ma sai da suka daina yi wa mutane baftisma a kogin. Hukumar gari ta nemo Zibuyile, ta ba ta aiki da tebur da kwamfuta, aka ce ta faɗi tsayin da ruwa zai kai kafin a taɓa yashin. Ta faɗa. Aka aiko mai fenti ya ja layi ja a ƙafar gada, aka kafa doka: sai ruwa ya taɓa jan fenti katafila za ta motsa.

Tun ranar da ta faɗi lambar ta san gonar uwarta tana ƙasa da layin. Yaya ba za ta sani ba, ita ta auna? A lissafinta ma fadamar nan ba gona ba ce, wurin ajiye ruwa ce. Ta yi shiru da bakinta tana fatan Allah ya rufa asiri. Shekarun farko ya rufa ɗin: ruwan sama ya riƙa zuwa da ƙarfi lokaci guda, kogi ya cika ya ɓalle da kansa, gonar ta jiƙe ta bushe, gwaza ko a jikinsa.

Bana ce ta zo da tsiya. Ruwan sama ya ƙi zuwa ya kuma ƙi ɗaukewa, yayyafi yau, yayyafi jibi. Kogi ya yi ta hawa ɗan yatsa ɗan yatsa, ya shiga fadama ya zauna. Gwaza na son ruwa, kowa ya sani, amma ba ruwa mai gishiri da ɗoyi da zai kwana masa a wuya mako da makonni ba. Ganye ya soma rawaya daga bakin gona.

Zibuyile ta rame a tsaye. Ta shiga ofis da safe, ta kunna lissafin, ta canja masa wannan ta canja masa wancan, ko za ta samu ƙofa. A fasa rabi? Ya ce yashi zai rufe. A jira lokacin da teku ta janye sosai? Ya ce da ɗan sauƙi, amma dagwalon na nan. Ta nemi hukuma ta rage ruwan masai da ake sakowa, aka ce injin tacewa sai baɗi. Har kuskure ta riƙa nema a aikinta, da addu'a, ita da ta yi shekaru tana alfahari babu shi. Ta so ta tsani lissafin nan, amma ina, gaskiya yake faɗa. Ta yi tunanin ajiye aikin ta tafi Cape Town inda aka taɓa nemanta, sai ta tuna ko ta tafi fentin na nan a ƙafar gada.

Bhekani kuwa, da yake yanzu direban bas ne, kullum sai ya haye gadar nan, kullum kuma sai ya kira ta.

"Sisi, yayata, ranki ya daɗe, farfesar ruwa! Kwamfutar taki ta ci abinci yau? Don tsohuwarki dai ta kusa daina ci."

"Bhekani, don Allah ka bar ni in ji da abin da ke damuna."

"Me ke damunki? Kina cikin sanyin ofis. Lamba ce fa kawai. Ke kika faɗe ta, ke za ki rage ta. Wa ya iya karanta wannan shirgin in ba ke ba?"

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Shugabanta Ramdass injiniyan hanya ne, mutumin kirki, kwalta ya sani da kwalbati. Duk ofishin babu mai iya buɗe lissafin nan ya ce ga inda aka taɓa.

Ran Lahadi ta je gida. MaShozi ta dawo daga coci, ta zuba mata phuthu, wato tuwon masararsu, da nono, ta zauna tana kallonta tana ci. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi sauƙi.

"Zibu, in tambaye ki. In kika ce musu ruwan ya isa haka, wa zai gane?"

"Ba kowa, Mama."

"To?"

Zibuyile ta ajiye cokali. "Kin tuna shekarar kifi."

"Na tuna. Ni na yi wa ɗiyar maƙwabciyata wankan gawa." Tsohuwar ta share tebur da gefen hannu. "Amma ba lallai a sake ba, ko?"

"Ba lallai ba ne. Sai dai lissafin ya ce za a sake."

"Shi lissafin ya san irin uwata ne a gonar?"

Zibuyile ta tashi. Ta koma gari da ƙullin abincin da ba ta iya ci ba.

Ran Juma'a Ramdass ya leƙo ofishinta, ya rufe ƙofa, ya jingina da ita. Ya ce kansila ya hana shi sakat, manoma sun yi rantsuwa za su fita da shebur, katafila kuma tana nan da mai a ciki.

"Zibu, ni ban san komai a harkar nan ba, bakinki nake bi. In akwai rara a lambar nan, faɗa mini yanzu, gobe da safe a fasa. Na san gonar mamanki na ciki. Babu wanda zai ga laifinki."

Ga ƙofar da ta yi ta nema an buɗe mata, har da riƙe mata labule. Ta dubi allon kwamfuta. Ta san gidan da gonar take, ta san gidan da yara ke wanka, a allon tsakaninsu bai fi tsawon ɗan yatsa ba. Tsoro take ji, da kunya, da haushin duk wanda ya taɓa ce mata tana da kai.

"Babu rara," ta ce. "Lambar tana nan yadda take."

Ramdass ya daɗe yana kallonta, sannan ya buɗe ƙofa ya fita.

Washegari ta hau bas ta sauka a gada. Ta leƙa: ruwa kore shar, jan fenti yana can sama da shi, da saura. Ta gangara fadama. Tun daga nesa ta hango uwarta a tsakiyar gona, ruwa har gwiwa, zani a tattare, daron nan na aure yana yawo a gefenta. Tana sunkuyawa tana lalube a cikin laka, ta ciro gwaza ta matsa, in ya ruɓe ta jefar, in da sauran rai ta saka a daro. Abin da ke cikin daron bai rufe gindinsa ba.

MaShozi ta ɗago ta gan ta. Labarin Zibuyile ta ƙi rage lambar ya riga ya iso, Bhekani bai iya riƙe magana ba. Ta miƙe da ƙyar, ta jawo sandar da take dogarawa, ta kafa ta a cikin ruwa daidai inda ta taɓa tsayawa, ta ƙame.

"To, mai awo, ga ni. Na miƙe ko na karkace?"

"Mama, don Allah."

"Ba faɗa nake ba. So nake in sani. Kin ce sai ya taɓa fentinku. Ni ban iya karanta gada ba. Nuna mini a nan, ina zai kai?"

Zibuyile ta cire takalmi ta shiga. Ruwan da ɗumi, laka na tsotse mata ƙafa. Ba ta buƙatar kwamfuta, ta san tsayin ƙasar nan, ta san tsayin layin, ta san tsayin uwarta. Ta matso har tana jin numfashin tsohuwar, ta ɗaga hannu, ta ɗora shi a ƙugun uwar, daidai inda ta ɗaure zani.

MaShozi ta dubi hannun. Ta dubi gonar daga wannan baki zuwa wancan, ganyen da ya rage duk bai kai nan ba.

"Har nan," ta ce.

"Har nan, Mama."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta saki sandar, ruwa ya tafi da ita a hankali, ta turo wa 'yarta daron.

"To riƙe. Ki lalubo ƙananan, su ne iri. Kada ki matsa da ƙarfi, hannunki ya manta."