Rigunan da Na Wanke wa Sabi'u

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya murje ƙwallon da shi, ya ɗaga ƙafa ɗaya kamar zakara a cikin taɓo, sannan ya wurga. Ina zaune kan kwali a bakin wani fili bayan Birnin Masana'antu na Biyu a Riyad, Juma'ar bayan babbar sallar 2013. Ɗana ne Sabi'u, magidanci mai 'ya'ya biyu, yake wannan ƙazanta a gaban 'yan Filipin suna ta ihu. Besbol suke ce wa wasan. Wani ya jefa, wani ya kai wa ƙwallon duka da kulki, in bai samu ba wai mai jifa ya yi gwaninta.

Abin haushin, ni na koya masa jifa. Ina yarinya a ƙauyenmu, da gero ya fara nuna ni ake ɗorawa kan rumfar gona tun da sassafe, ga ƙwaryar fura, ga tarin hoge a gefe. Tsuntsaye su taso kamar hayaƙi, in yi ta bin su da jifa har kafaɗata ta yi tsami. La'asar ta yi mu sauko mu kakkaɓo kanya, mu zube a ƙofar gida muna carafke. Innata da ta ga ina matsa kafaɗa sai ta ce, "Gobe ƙanenki zai hau, ba za a kashe mini hannunki a kan gero ba." Ta dafa ruwa ta gasa mini. A rumfar nan na zaunar da Sabi'u kafin mu biyo babansa Riyad, na nuna masa yadda ake lanƙwasa wuyan hannu wajen jifa.

A nan kuwa kwali yake ɗauka a sito. Wani ɗan Filipin ya ga yana jifan gwangwani lokacin hutu, shi ke nan. 'Yan ƙungiyar wasan masana'antar lemo suka ɗauke shi, suka sami wanda ya fi shi suka yar. Ya koma wajen masu tayil, daga nan ma'aikatan wani asibiti, daga nan wasu da ban ma riƙe ba. Kowa ya ba shi riga, ja, shuɗiya, ruwan ɗorawa, ni ke wanke su a banɗakinmu na unguwar Manfuha, warin zufa da man zafi kamar in yi amai. Ina karanta sunan da ke baya, Ramon, Jun, ban taɓa ganin nasa ba.

Na ce, "Kai Sabi'u, saboda hannun nan ubangidanka kafil yake sabunta maka takardar zama ta iƙama. In hannun ya mutu yaran nan su ci ƙwallo?"

Ya ce, "Haba Inna, wasa ɗaya ya rage, kalas."

Haka yake faɗa duk shekara. A gonarmu akwai mai ce maka sauko. Nan sai dai su ɗaure masa ƙanƙara a kafaɗa su ce yalla, koma fili.

Jijiyar kafaɗarsa ta tsinke a 2017. Ko kabbarar salla ba ya iya ɗaga hannun, kafil ya mayar da shi gadin ƙofa. Ran nan wani daga ƙungiyarsa ta ƙarshe ya buga mana gida. Na ɗauka dubiya ya zo, har na shimfiɗa darduma na ɗora shayi. Bai ko leƙa Sabi'u ba, ya ce rigarsu yake so, akwai sabon mai jifa. Tana jiƙe a bokiti. Na tsamo ta ko matsewa ban yi ba, na danƙa masa tana ɗiga a takalminsa, na rufe ƙofa.