Baburan da Ake Kashewa a Gindin Tsamiya

Shekara biyar ke nan cif da muka kai Yaya Kulu makwancinta a Kibiya. Ni mutumin awo ne, hatsi nake saye a ƙauyukanmu in kai kasuwar Rano, kuma ban iya fara zance ba sai na ƙirga abin da ke gabana. To ga abin da aka damƙa wa yayata shekara huɗu kafin rasuwarta. Yarinya guda, 'yar shekara goma. Hari huɗu da aka kai ƙauyensu tana gani. Kwana ashirin da shida a daji a hannun masu bindiga. Uba a kabari, uwa kuma ta bi shi wata biyu bayan an sako su ita da yarinyar. Kayan jikinta da silifas. Abin da ake tsoron asararsa kuwa hankalin yarinyar ne, domin duk wanda ya gan ta a lokacin cewa yake wannan kam sai addu'a.

Zulai sunanta, 'yar ƙaninmu Garba. Tun yana saurayi ya tafi noma can yamma, bakin daji, inda ƙasa take da ƙarfi. A can ya yi aure, a can aka kashe shi a hari na huɗu. Ni na je na ɗauko yarinyar, na kawo ta gidanmu na gado inda Yaya Kulu take zaune tun rasuwar mijinta, tana sana'ar daddawa. Sitona yana jikin zauren gidan, shi ya sa komai a idona ya faru.

Da farko mun ce alhamdu lillahi, yarinya mai hankali, ba ta kuka. Ashe rashin kukan shi ne ciwon. Ba ta zama ta juya wa ƙofa baya. Ba ta cire takalmi ko a kan tabarma. In an ba ta tuwo sai ta ci rabi, ta ƙulle rabi a bakin zani, har ya yi tsami. Wata rana tana lafiya, 'yar maƙwabta ta dafa mata kafaɗa ta baya, sai ga cizo har jini. Bayan nan ta zauna tana cewa ita mugunya ce, gara a mayar da ita daji. Amma babban abin shi ne babur. Lokacin kaka 'yan acaba uku huɗu sukan taho min da buhuna daga Nariya da Unguwar Gai a jere. Da ta ji ƙararsu sai ka neme ta ka rasa. Sau biyu muna zaro ta daga cikin rumbu. A kan babura masu harin suke zuwa musu, kuma a kan babur aka tafi da ita.

Kowa ya kawo shawararsa. Wasu suka ce iska ce ta biyo ta daga daji. An yi addu'a, an sha rubutu, kuma Yaya Kulu ba ta taɓa hana wannan ba, ita ce ma mai tofa mata safe da yamma. Sai dai takan ce, "Addu'a kam ba ma bari. Amma abin da ya taɓa yarinyar nan mutum ne mai ƙafa biyu, kada mu ɗora wa aljani." Wasu suka ce sangarta ce, a sa mata bulala. Ni kuma na kawo tawa dabarar, wadda har gobe ina jin kunyarta.

Na tashi cikin shanun huɗa. Ɗan maraƙin da ke tsoron karkiya, ɗaura masa ake yi a ja shi, ya yi tsalle ya gaji ya saba. Na ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata rana da hantsi Yaya ta shiga maƙwabta barka, sai na kira Ado, ɗaya daga cikin masu kawo min kaya, na ɗauki Zulai cak na ɗora ta a babur, na hau bayanta na riƙe, na ce ya zaga da mu unguwa. Ban manta yadda ta sandare a hannuna ba. Ba ta yi ihu ba. Da muka dawo zaninta a jiƙe yake, idonta a buɗe amma ba ta ganin kowa. Daga ranar ba ta ƙara furta kalma ba har wata bakwai. Garin neman gira na nemi rasa ido.

Yaya Kulu ba mai faɗa ba ce. Ta wanke yarinyar, ta shimfiɗar da ita, sannan ta fito zaure ta tsaya a kaina. Ta ce, "Sabo, buhu ka ɗauka ko mutum?" Na ce gyara nake nufi. Ta ce, "Su ma waɗancan haka suka ɗora ta, ba su tambaye ta ba. Yanzu ka gaya min bambancinka da su a wurinta." Na yi ciniki da manyan dillalai, ba wanda ya taɓa rufe min baki kamar yadda ta yi ranar.

Washegari ta kafa doka. Akwai tsohuwar tsamiya a bakin layinmu, tafiyar kamar taku saba'in zuwa ƙofar gida. Ta ce duk mai zuwa gidan nan da babur, a gindin tsamiya zai kashe, ya turo da hannu, in ya iso ya yi sallama ya faɗi sunansa da ƙarfi. Na ce Yaya, buhun masara biyu a kan babur, a cikin yashi, wa zai tura? Ta ce, "Wanda yake son awonka." 'Yan acaban suka yi gunaguni. Ado ya ce, "Hajiya, ko fadar hakimi ai ba a yi mana haka." Ta ce, "To nan ta fi fadar hakimi, ɗan nan. In ka turo akwai kunu." Biyu suka daina kawo min kaya, suka koma wa wani mai awo. A lissafina na lokacin, faɗuwa ce.

Ba dokar babur kaɗai ba ce. Kullum da safe takan zaunar da Zulai ta gaya mata yadda ranar za ta kasance. Yau kasuwar Rano ce, Baffanki zai fita da mota. Da azahar mai niƙa zai tayar da inji. Da la'asar mutum uku za su zo, wane da wane da wane. In ta ce abu zai faru sai ya faru, in ta ce za ta dawo kafin a kira sallah sai ta dawo, ko da bikin bai watse ba. Ta sa mata tabarma a jikin bango inda take hango ƙofa. Takalmi kuwa ba ta taɓa cewa ta cire ba. Maganar tuwon da take ƙullewa, sai ta ba ta wata 'yar tukunya mai murfi, ta ce wannan taki ce, ba mai buɗewa, ki zuba abin da kike so. Na yi ƙorafin almubazzaranci. Ta dube ni ta ce, "Kai da kake ɓoye dawa tun kaka har bazara, kai ne za ka rasa gane mai ɓoyo? Wanda bai yarda da gobe ba shi ke ajiya." Gaskiya ta faɗa. Wata shida tana zuba tuwo a tukunyar nan, in ya yi tsami ta zubar wa kaji da kanta, har wata rana ta bar ta a buɗe muka ga babu komai a ciki.

Ba ta taɓa matsa mata ta ba da labarin daji ba, kuma ta hana masu zuwa jaje su tambaye ta. Sai dai ta sa ta a gaba suna tsince kalwa, hannu yana aiki, baki yana hutawa. Ranar da maganar ta dawo ina sito ina jin su. Can nesa aka ji babur kafin ya kai tsamiya, sai na ji wata 'yar murya ta ce, "Gwaggo, na Ado ne. Salansarsa ta fashe." Ni har na miƙe zan shiga da gudu. Yaya Kulu kuwa ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "Ai kuwa shi ne, mai babur kamar injin niƙa. Miƙo min faifan nan." Sai daga baya na gan ta a madafa tana share ido da gefen ɗankwali, tana cewa hayaƙi ne.

Bayan shekara guda Zulai ta koma makaranta. Yaya ta je da kanta ta roƙi malamin ajin ya zaunar da ita kusa da ƙofa, kuma kada a daka mata tsawa ta baya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Akwai makon da za a yi lafiya lau, akwai ranar da tayar mota za ta fashe a titi komai ya dawo sabo.

Da Allah ya karɓi ran Yaya, Zulai tana da shekara goma sha huɗu. Nan na sake tafka kuskure na biyu. Bayan sadakar arba'in na ce wa 'yan acaban ai yarinya ta warke, su riƙa shigowa har ƙofa. Kwana tara kacal aka yi. Ta daina cin abinci, ta fasa tulun ruwa da gangan, ta zagi matata wadda ba ta taɓa ɗaga wa ido ba, sannan muka same ta a cikin rumbu, budurwa guda. A lokaci ɗaya ta rasa gwaggonta, ga shi kuma ƙarar da aka yi mata alkawarin ba za ta iso ƙofa ba ta iso.

Wannan karon ban nemi shawarar abokan hirar zaure ba. Na kai ta asibiti a Kano wajen wata likita mai duba irin wannan lalura. Ta yi min bayanin da har yau nake maimaita wa mutane. Ta ce firgita sau ɗaya daban, firgita a kan firgita daban. Yaron da abu ya sama sau ɗaya yakan ji tsoron abin. Wanda kuwa aka yi ta maimaita masa, tun jikinsa bai gama girma ba, sai ya ɗauka duniyar ce gaba ɗaya haka, babu wurin tsira, babu na yarda, har ya riƙa ganin laifin nasa ne. Shi ya sa fushin, shi ya sa ɓoyon abinci, shi ya sa ƙin kai. Ta ce ba hauka ba ne, ba taurin kai ba ne, kuma ana samun sauƙi. Da na ba ta labarin tsamiya da tukunya, sai ta ajiye biro ta ce wa ya koya mana wannan. Na ce yayata ce, mai daddawa, ko aji ɗaya ba ta yi ba. Mun yi ta zuwa ganinta kusan shekara biyu. Dokar tsamiya kuwa a ranar da muka dawo na mayar da ita, da bakina.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce in ta ga yau. Na san ranta zai ɓaci, domin yaran da ake kawowa garuruwanmu da irin idon Zulai ba su ƙare ba. Kana ganinsu wajen dangi a Zinyau, a Rano, a nan Kibiya, ana ce musu marasa ji, ana dukan wanda ya yi fitsarin kwance yana da shekara goma sha biyu, ba a tambayar me ya gani. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, balle wanda ya sara sau huɗu. Amma ina jin za ta ji daɗin cewa yanzu akwai malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da suka fara ganewa, kuma iyaye sun rage jin kunyar kai yaro a duba shi. Da an gaya mata sunan ciwon da likitoci suke faɗa, dariya za ta yi ta ce su riƙe sunan su bar mata yarinyar.

Zulai yanzu shekararta goma sha tara, tana makarantar koyon aikin lafiya. Ba zan ce muku ta warke sarai ba, ni ba na sayar da hatsi mai tsakuwa in ce tsintacce ne. Har yau ta fi son zama inda take ganin ƙofa. Amma kakar da ta wuce aka gaya mata an kawo wasu yara biyu Unguwar Gai wajen kakarsu, su ma daga can yamma, ƙaramin ba ya magana. Da safe ta fito da hijabinta da 'yar tukunya a leda, ta ce, "Baffa, ka ce wa Ado ya kai ni." Na ce, a babur? Ta ce, "To a jaki zan je?" Ta hau da ƙafarta, ba wanda ya ɗora ta. Da Ado ya dawo ya ce min tun suna hango rufin gidan ta taɓa shi ta ce ya kashe, suka ƙarasa a ƙasa yana turawa.

To ga lissafin. An ba Yaya Kulu yarinya guda da kowa ya cire rai da ita. Abin da ya fita daga wajena shi ne masu kawo kaya biyu, da taku saba'in na turin babur a kowace rana, da girman kaina wanda dama ba shi da kasuwa. Abin da ya shigo kuwa mutum ce sukutum, ga shi har ta fara kai wa wasu. Shekara talatin ina awo, ban taɓa zuba kaɗan na kwashi mai yawa irin wannan ba, kuma jarin ba nawa ba ne. Allah ya jiƙan Yaya Kulu, ya sa ta tarar da ribarta a can. In hanya ta kawo ka layinmu, za ka ga tsamiyar tana nan. Ka kashe a gindinta, ka turo.