Jinin Giwa a Rugagen Bunkure

Ko addu'ar bayan sallar asuba ban ƙarasa ba, 'yar yayata ta fara danna min hon a ƙofar gida. Likitar dabbobi ce, tana bincike kan fararen shanunmu na gida da ake kira Bunaji. Ni kuwa ɗan rakiya ne, don Bunkure mahaifata ce, kuma ina da 'yan shanu a hannun wani dattijon Bafulatani a can. Sai da muka bar Kumbotso a baya, muka miƙi titin Zariya, sannan ta faɗa min abin da ya tayar da ita da sassafen nan.

Watannin baya ta tura ma'aikata rugage huɗu suka tsigo gashin jelar shanu, aka kai ɗakin gwaji. A saiwar gashin akwai ƙwayar halitta, abin da suke ce wa DNA, a cikinta kuma akwai alamomin da ake gane dangi da su, kamar tsagen fuska a zamanin da. In alamomin suka bambanta a garke, jini ya yalwata ke nan, cuta ɗaya ba ta kwashe su duka. To nata sakamakon kusan iri ɗaya ya fito. Ta rantse ha'inci aka yi mata, garke guda aka tsige aka rubuta sunan rugage huɗu, don haka yau da hannunta za ta sake. Na ce ai kuwa, ma'aikacin yanzu ba ya wuce gindin bishiyar farko.

A Kura muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa uku kafin baki ya san an zo. Injinan shinkafa sun riga sun fara ruri, kwandunan tumatir jere a bakin titi. Da muka sauka daga kwalta muka bi gefen kanal ɗin ban ruwa, na riƙe baki. Burtalin da na sani tun ina yaro, wanda shanun arewa ke bi su yi kudu, babu shi. Shinkafa ce da albasa har bakin ruwa, ko akuya sai ta yi dabara kafin ta wuce.

A hanya na cika mata kunne da labarin Giwa, bijimin da na saya shekara tara da suka wuce. Tozonsa kaɗai abin kallo ne. Tun da na kawo shi na ce duk mai son iri ya zo ya ara kyauta, kuma ina alfahari da wannan sadakar tawa.

Dattijon ya tarbe mu da fura da nono, amma fuskarsa ba walwala. Ya kai mu inda wani ɗan maraƙi ke kwance, ƙafafu sirara, kwana uku da haihuwa bai iya tsayuwa ba. Na saniyata ne, kuma biyu sun riga sun mutu min bana a haka. Kullum cewa nake ruwan maganin gonaki suka sha.

Likitar tamu ta fito da ambulan-ambulan ɗinta. Kafin ta tsigi kowace saniya sai ta tambayi asalinta, dattijon kuma ya zayyano da ka. Wannan 'yar Giwa ce. Waccan jikarsa ce, kuma shi ya hau ta. Ta tambayi bijiman sauran rugage ukun, ya ce ai duk 'ya'yan Giwa ne. Tun da burtali ya toshe baƙon bijimi bai sake ratsowa ba, su ma ba su fita.

Alƙalami ya tsaya a hannunta. Ta dube ni ta ce, "Kawu, ba a yi min ha'inci ba. Gwajin gaskiya ya faɗa. Jini ɗaya ne ke ta juyawa a rugagen nan, shi ke kashe maruƙan."

Inna lillahi. Ashe ma'aikatan da na ci namansu tun daga Kumbotso ba su da laifi. Na ce, "Baffa, ka san wannan ka yi shiru?"

Ya ce, "Alhaji, wa zai ce wa mai kyauta kyautarsa ta yi yawa?"

Nan muka yanke magana. Za a fiɗiye 'ya'yan Giwa, a nemo bijimi daga nesa, shi kuma Giwa a kai shi kara a sayar ranar kasuwa. Ta ce kafin nan tana son gashinsa. Da yake ba ya yarda da baƙo, ni na je. Ya miƙo wuya yana lasar hannuna kamar kullum, na shafa tozon, na zagaya na tsige.

Da la'asar muka kamo hanya, muka dawo Kano. Na fita ne da niyyar nuna wa 'yar yayata bajintata, na dawo da sanin cewa alheri ma in ba a auna shi ba yana ɓarna. Ina cire takalmi dattijon ya kira, ya ce maraƙin ya bi 'yan uwansa.